Garkuwar da ta ɓace daga kusurwar allo: yadda kwamfutar wani shago ta yi wata 10 ba afdet

A tsakiyar azumin 2025 ne wani Alhaji ya kira ni, ranar Litinin wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta fara cizo. Yana da shagon buga takardu da fotokofi da cike fom ta intanet a nan Kano, kwamfuta biyu ce a ciki, duk Dell OptiPlex na hannu, kuma ni na saka musu Linux Mint da kaina, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Abin da ya ce min a waya shi ne "Injiniya, kwamfutar nan ta gaba ta kamu da bairos, duk shafin da aka buɗe sai talla ta ko'ina, data kuma kamar ana zuba ruwa a kwando." Na ce Alhaji in sha Allah ba bairos ba ne, ina zuwa bayan azahar.

Kafin in ci gaba bari in faɗi yadda injin yake. Ta gaban, wadda ake yi wa kwastoma aiki da ita, Linux Mint 21.3 ce a kai mai Cinnamon (wato fuskar allon da ake gani ana dannawa), wadda ta fito a Janairun 2024, na saka ta ba da jimawa ba bayan fitowarta. Dalilin da ya sa muka bar Windows a shagon shi ne injinan ba za su ɗauki Windows 11 ba, Windows 10 kuma an riga an sanar za a daina kula da ita ranar 14 ga Oktoban 2025, ga kuma filas ɗin kwastoma da ke kwaso musu cuta kullum. Ranar da na gama sakawa abu ɗaya na nuna wa Alhaji da yaronsa, wato ƙanin matarsa da ke zama a kan kwamfutar: ga wannan 'yar garkuwar da ke ƙasa ta hannun dama kusa da agogo, duk ranar da kuka ga ɗan ɗigo ruwan lemo a jikinta to akwai afdet, ku danna ta, ku danna Install Updates, ku sa fasawod, shi ke nan. Suka ce sun gane. Kuma sun gane ɗin, don sun yi ta yi na wasu watanni.

Da na isa na buɗe Firefox sai na ga abin da Alhaji yake kira bairos. uBlock Origin da na saka musu don toshe talla a kashe yake, burauzar da kanta ta kashe shi ta ce ba ta iya tabbatar da shi. Na shiga Help na duba About, sai ga lamba 126. A lokacin 136 ake yayi. Nan take na tuna sanarwar da Mozilla suka yi cewa ranar 14 ga Maris 2025 wata takardar shaida da ke cikin burauzar za ta ƙare, duk wanda Firefox ɗinsa bai kai 128 ba ƙarin kayan da ya liƙa masa za su daina aiki. Ranar Juma'a ke nan, Alhaji ya ce tabbas tun Asabar suka fara ganin abin. To an gano tushen tallar, amma tambayar da ta fi damuna ita ce ta yaya aka yi Firefox ya tsaya a 126, alhali 126 tun watan Mayun 2024 ya fito, a Mint kuma ta Update Manager, wato manhajar da ke da garkuwar nan, yake samun sabuntawa tare da sauran komai.

Na tambayi yaron rabonka da yin afdet yaushe. Ya ce "Yaya ai ta daina kawowa, na ɗauka ta gama ne." Wallahi haka ya faɗa, kuma ba da wasa yake ba. Na kalli kusurwar allon, ga alamar netwok, ga ta sauti, ga agogo da kwanan wata, garkuwa babu ita babu dalilinta. Shi a tunaninsa tunda na ce in ya ga ɗigo ya danna, rashin ganin garkuwar gaba ɗaya yana nufin lafiya lau. Ban ga laifinsa sosai a nan ba, ni ne ban taɓa ce masa rashin ganinta ma matsala ce ba.

Zargina na farko kuskure ne, kuma ya ci min kusan minti ashirin. A cikin Preferences na Update Manager akwai wani zaɓi da ke cewa kar a nuna alamar sai in akwai afdet ko an samu matsala, mutane da yawa suna kunna shi su manta, daga baya su zo suna neman garkuwarsu. Sai na ɗauka shi ne, wataƙila kuma jerin manhajojin ya daina saukowa saboda wata matsalar netwok, shi ya sa injin yake ganin kamar ba sabon abu. Na buɗe Update Manager daga Menu, ya buɗe lafiya, na shiga Edit na shiga Preferences, zaɓin a kashe yake. Don in tabbatar na buɗe taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta gsettings get com.linuxmint.updates hide-systray ya ba ni false. To ba shi ba ne. Na danna Refresh, ya ɗan yi jim sannan ya ce akwai sabon Update Manager ɗin kansa, sai an fara saka shi tukuna. Na saka, ya rufe ya sake buɗewa, sai ga jeri ya zubo kamar ba zai ƙare ba, Firefox, LibreOffice, kanel (wato zuciyar tsarin), da tarin na tsaro, jimilla ya haura gigabait ɗaya. Wato netwok lafiya, ma'ajiyar manhajoji lafiya, shi kansa Update Manager lafiya.

Amma ga abin lura, wanda da na kula da shi tun minti na farko da ban ɓata lokaci ba. Update Manager a buɗe yake a gabana, ga afdet fiye da ɗari biyu a jere, kuma har yanzu ba garkuwa a fanel, wato sandar ƙasan allo. In manhajar tana gudana, ba a ce ta ɓuya ba, kuma ba ta fito ba, to saura abu ɗaya, wurin da za ta zauna ne babu.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne wannan sandar ta ƙasan allo ba abu ɗaya ba ce dunƙule. Fanel a Cinnamon kamar kanta ce a shago, kowane abu da ka gani a kai ɗan ƙaramin aflet ne mai zaman kansa, Menu aflet ne, agogo aflet ne, netwok da sauti kowa nasa daban. Ita garkuwa ba aflet ba ce, baƙuwa ce, manhajar mintupdate ce take turo hotonta, sai wani aflet ya karɓa ya ba ta masauki. Masu masaukin su biyu ne, akwai tsohon mai suna System Tray, akwai sabon mai suna XApp Status Applet. In sabon yana nan shi yake karɓa, in babu shi sai ta koma wajen tsohon, in duk biyun babu sai ta tsaya a waje ba wanda ya gan ta, kuma ba wani saƙo da zai fito ya ce maka ga abin da ke faruwa. Shi ya sa mutum zai ga agogo da netwok suna nan daram ya rantse fanel ɗinsa ba abin da ya same shi.

Ina cikin wannan tunanin sai na hango ɗan USB na Bluetooth a soke a bayan injin, wanda na saya musu don kwastoma su riƙa turo takarda daga waya. Na ce wa yaron ina alamar Bluetooth. Ya ce ai ita ma ta daɗe da tafiya, yanzu ta WhatsApp ake turo masa ko a jona da waya. Na ce tare suka tafi da garkuwar ko. Ya yi shiru yana kallon silin, can ya ce kamar dai haka ne. Blueman da Mint 21 take amfani da shi shi ma baƙo ne, masauki ɗaya suke sauka da garkuwa. Biyu sun ɓace lokaci guda, ai magana ta fito.

Na rubuta gsettings get org.cinnamon enabled-applets a taminal. Wannan yana zayyano duk aflet ɗin da ke kan fanel, kowanne da wurin zamansa, hagu ko tsakiya ko dama, da sunansa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan allo, akwai menu, akwai grouped-window-list, akwai network, sound, calendar. Babu systray@cinnamon.org, babu xapp-status@cinnamon.org, kai har na notifications da na removable-drives da na firinta duk babu. Jerin ya yi gajarta da yawa, ba irin wanda Mint take zuwa da shi ba ne, wannan da hannu aka gina shi. Sai a lokacin na lura Menu ma ba a can ƙuryar hagu yake ba, an jawo shi tsakiya shi da gumakan manhajoji. Na gani tun shigowata fa, na ɗauka ado ne kawai.

Alhaji ya fita alwala, sai na ce wa yaron ƙanena faɗa min gaskiya ba zan gaya wa kowa ba, me ya samu fanel ɗin nan. Ashe wata rana ce ba kwastoma, yana so ya mayar da allon kamar na Windows 11 da yake gani a laftof ɗin abokinsa, yana ta danna dama a kan sandar yana gwada abubuwa, sai ya danna Remove, aka tambaye shi ya tabbata ya ce eh bai karanta ba, sandar gaba ɗaya ta ɓace, allo ya zama fili fetal. Ya ce gumi ya karyo masa don Alhaji yana hanya. Da taimakon bidiyo a waya ya samu ya shiga System Settings ya ƙirƙiri sabon fanel, sabo kuma fanko yake zuwa, sai ya riƙa ɗauko abin da ya tuna yana sakawa. Ya tuna Menu, ya tuna agogo, ya tuna netwok da sauti saboda yana ganin hotonsu. System Tray da XApp Status kuwa wa zai tuna da su, ba su da fuska, in ba baƙo a cikinsu ko ganinsu ba a yi. Gaskiya yaron ya burge ni ta wani ɓangaren, a cikin ruɗu ya gina fanel mai aiki har Alhaji bai taɓa ganewa ba.

Gyaran wannan bai kai minti ɗaya ba. Danna dama a kan fanel, Applets, a shafin Manage ka nemo XApp Status Applet ka zaɓe shi ka danna alamar tarawa da ke ƙasa, haka System Tray, na ƙara da Notifications da Removable drives da Printers. Ina danna ta farkon garkuwa ta faɗo kusa da agogo da ɗigonta ruwan lemo, Bluetooth ya biyo ta. Akwai hanya mafi gajarta, a danna dama a shiga Troubleshoot a zaɓi Restore all settings to default, ko a taminal a rubuta gsettings reset org.cinnamon enabled-applets, amma wannan zai rushe tsarin da yaron ya sha wahala a kai ya mayar da komai yadda ya zo, kuma Alhaji ya riga ya saba da Menu a tsakiya, ban ga amfanin tayar da wata rigimar ba.

Dalilin da ya sa masaukin ya zama biyu yana da ɗan tarihi, kuma duk mai gyaran Linux ya kamata ya san shi don zai ci karo da shi a wasu injinan. Wannan kusurwar ta daɗe ana faɗa a kanta. A Afrilun 2009 da Ubuntu 9.04, wani nau'in Linux, ta fito, da gangan suka cire alamar afdet daga fanel suka ce taga ce za ta riƙa buɗe kanta in lokaci ya yi, mutane suka yi ta ƙorafi har aka riƙa yawo da wani umarni na gconf mai dawo da ita. A 2017 GNOME 3.26, wata fuskar allo irin Cinnamon, ta cire tsohon tiren, wato masaukin alamomin, gaba ɗaya, shi ya sa har yau a kan GNOME sai da ƙarin AppIndicator ake ganin irin waɗannan alamomin, Ubuntu tana zuwa da shi a kunne, wasu kuma sai ka saka da kanka. Su Mint da suka ga tsohuwar hanyar nuna alamomin an yi watsi da ita, ga shi hotunan suna dushewa a allo mai ƙarfi, sai suka ƙirƙiro tasu a 19.3 da ta fito Disambar 2019, ita ce XApp ɗin nan, suka yi mata aflet a Cinnamon da MATE da Xfce, wato fuskokin allo uku da Mint take zuwa da su. Don haka in ka samu Mint mai Xfce da irin wannan ciwon, XApp Status Plugin za ka nema a cikin kayan fanel. Ni dai a ganina barin abu mai muhimmanci irin sanarwar tsaro ya dogara da aflet ɗin da danna biyu ke cire shi akwai sakaci a tsarin, amma kuma wannan 'yancin taɓa komai ɗin shi ne abin da ya sa muke son Cinnamon ɗin, ba a cin biyu.

Na ce wa Alhaji an gama, har ya fara sa albarka. Allah ya taimake ni ina da ɗabi'ar kashe inji in kunna kafin in tafi. Na yi ristat, ta taso, Bluetooth ya fito, garkuwa shiru. Na san ana jinkirta tashinta da kamar daƙiƙa 20 bayan an shiga don kar ta yi wa injin nauyi, na jira minti ɗaya, biyu, uku, ba ta zo ba. Alhaji yana tsaye a kaina yana jan carbi, ya ce "Injiniya ko ta koma ne?" Na ce ranka ya daɗe ba ta ma taso ba.

Wannan karon masauki yana nan, baƙon ne bai zo ba. Na rubuta ps aux | grep -i mintupdate babu komai sai layin grep ɗin kansa, wato manhajar ba ta gudana sam. Ɗazu da ta fito, ni ne na buɗe ta da hannu daga Menu, shi ya rufe min ido. Na shiga Startup Applications, ga Update Manager a jerin, makunninsa a kashe, System Reports ma a kashe. Yadda abin yake, asalin fayil ɗin da ke tayar da ita yana /etc/xdg/autostart/mintupdate.desktop, wannan na kowa da kowa ne, amma in mutum ya kashe ta daga Startup Applications sai a ajiye kwafi a cikin gidansa a ~/.config/autostart da layin da ke cewa X-GNOME-Autostart-enabled=false, kuma na gida shi yake rinjaye. Na yi ls -l a kan wannan folda don in ga ranar da aka taɓa fayil ɗin, ƙarshen Mayun 2024. Na sake rubuta zgrep Start-Date /var/log/apt/history.log* wanda ke nuna duk ranakun da aka saka ko aka sabunta wani abu, har da tsofaffin da aka matse. Afdet na ƙarshe kafin nawa na ranar, tsakiyar Mayun 2024. Lissafi ya haɗu, wata goma cif injin yana zaune.

Na juya na kalli yaron, bai jira na tambaya ba. Ya ce wannan kam da saninsa ya yi, a wani bidiyo aka ce in kana so kwamfuta ta yi saurin tashi ka kashe abubuwan da ke tashi da ita, kuma Alhaji yana yawan faɗan data, shi kuma ya ga sunan Update sai ya ce ai wannan ne mai shanye ta. A nan sai da na zauna na yi musu bayani su biyun, don rabin maganarsa gaskiya ce. Update Manager yana leƙa intanet, minti goma bayan an kunna sannan kusan duk bayan awa biyu, amma jerin sunaye kawai yake saukowa don ya ga ko akwai sabo, ba ya sauke manhajar kanta sai ka danna Install, sai fa in an shiga shafin Automation an kunna masa ya riƙa yi da kansa, wanda a kashe yake zuwa. Jerin yana cin 'yan megabait, ba ƙarya, ga mai sayen data da kuɗin cinikin yini ba a ce ba komai ba ne. Amma kwana uku da suka yi ba mai toshe talla, bidiyoyin talla suna kunna kansu a kowane shafi, Alhaji da bakinsa ya ce sun sayi data sau biyu.

Wannan kashewar ita ta amsa wata tambayar da ke raina tun farko. Tun Mint 20.2 ta Yulin 2021 an ƙara wata tunatarwa, bayan Clement Lefebvre mai jagorantar aikin ya koka a farkon shekarar cewa masu amfani da yawa ba sa yin afdet. In na tsaro ko na kanel ya kwana bakwai na amfani da inji, ko kwana 15 na kalanda, ba a saka ba, saƙo yana fitowa ya tuna maka. Na yi ta mamakin yadda wata goma suka wuce yaron bai ga wannan ba ko sau ɗaya. To wa zai turo saƙon, mai turowar ne aka hana tashi. Da fanel ɗin kawai ya lalata da tunatarwar ta kama shi cikin sati biyu, da kuma Startup kawai ya kashe da wataƙila ya lura garkuwa ta ɓace ita kaɗai ya kira ni. Haɗuwar biyun a sati ɗaya ce ta sa kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Na kunna makunnan biyu, na sake ristat, muka zuba wa kusurwar ido mu uku kamar masu duban wata. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ta fito.

Saura saka afdet ɗin, kuma a nan ni na yi nawa shirmen. Na ɗauki hoton tsarin da Timeshift tukuna, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin don a mayar da shi baya in ta ɓaci, wannan na yi daidai. Amma injin tebur ne ba batir, UPS ɗin shagon, wato batirin da ke riƙe inji in an ɗauke wuta, shi kuma ya mutu tun bara, ya kamata in ce a tayar da janareta kafin in fara, sai na ce ai wuta ta kwana biyu tana zama. An gama saukewa ana tsakiyar sakawa, wajen la'asar, ɗif aka ɗauke. Yaron ya yi salati, ni kuma na ji yunwar azumin ta taso min gaba ɗaya. Aka ja janareta, injin ya taso lafiya alhamdu lillahi, amma Update Manager ya ƙi ci gaba, a taminal apt, mai kula da saka manhajoji, ya ce an katse aikin sakawar (dpkg) sai an gyara da hannu, har ya rubuto umarnin da za a yi. Na rubuta sudo dpkg --configure -a ya ƙarasa waɗanda aka bari rabi, na bi da sudo apt install -f don ya cike abin da ya rage, sannan na koma Update Manager na yi Refresh na saka sauran. Da a ce a kan kanel ko GRUB mai tayar da injin wutar ta tafi da labarin ya fi haka tsawo. Aka gama, na yi ristat na uku, Firefox ya koma 136, uBlock Origin ya dawo da kansa, na ɗora linzami a kan garkuwar ta rubuto cewa tsarin yana kan na yanzu.

Wani abu game da Timeshift da yaron ya tambaya, kuma tambaya ce mai kyau, ya ce da ya san da shi ai da ranar da fanel ya ɓace sai ya mayar da injin baya kawai. Na ce da bai yi maka komai ba. Timeshift yadda yake zuwa fayilolin tsarin yake ɗauka, ba ya taɓa foldar gidan mai amfani, tsarin fanel kuma a gidanka yake a cikin ~/.config/dconf, haka ma wancan fayil ɗin na Startup. Abin da ke maganin wannan daban ne, sai na nuna masa, dconf dump /org/cinnamon/ > fanel.txt yana kwashe tsarin Cinnamon ya zuba a ɗan fayil, in ta ɓaci kuma dconf load /org/cinnamon/ < fanel.txt ya mayar. Na yi shi a gabansa na ajiye kwafi ɗaya a injin ɗaya a filas ɗina. Na kuma nuna masa in fanel ya daskare ko wata alama ta maƙale, kafin ya taɓa komai ya danna Ctrl da Alt da Esc tare, Cinnamon zai sake tashi ba tare da ya rufe masa aikin da yake yi ba.

Mun ɗan ja da Alhaji a kan Automation. Ni na so a kunna don a huta, shi ya ce a'a, ba zai yarda inji ya riƙa jan data da rana tsaka ana cike wa mutane fom ba, ga kuma abin da ya gani da idonsa na ɗauke wuta. Da na auna sai na ga ya fi ni gaskiya, a shagon da ba UPS afdet mai yin kansa ba tare da an sani ba haɗari ne. Muka tsaya a kan duk Asabar da safe kafin kwastoma su fara zuwa, yaron ya duba garkuwa, in da ɗigo ya tayar da janareta ya saka. Na yanki 'yar takarda na rubuta "in ba ka ga garkuwa kusa da agogo ba ka kira ni" na manna da selotef a gefen allon, abin da ya kamata in faɗa tun 2024.

Alhaji bai yi wa yaron faɗa sosai ba, ya dai ce masa daga yau in hannunsa yana ƙaiƙayi ya je ya goge gilashin fotokofi. Ina haɗa kayana ana ta shirin buɗa-baki, har an aiko da ƙosai da kunu daga gida, sai na ce bari in leƙa ta bayan, wadda Alhaji yake lissafi da ita. Garkuwarta tana nan lafiya ba ɗigo, yana yin afdet ɗinsa a kan kari. Sai dai Mint 20.3 ce a kanta, ita kuma layin 20 gaba ɗaya a Afrilun 2025 tallafinsa yake ƙarewa, saura sati shida ke nan, bayan nan kuma an daina kula da ita ke nan. Na gaya masa sai an ɗaga ta zuwa 21 da mintupgrade ko a yi sabon sakawa na 22, kuma aikin yini ne, sai an kwashe takardunsa a hadis na waje tukuna. Ya ce a bari sai bayan Sallah, ya tura min kofin kunu.